RA'AYINMU: Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

A watan Satumba na shekarar 2025, kamfanin nan na Amurka mai suna Uber, wanda ya yi fice a duniya wajen haɗa fasinja da direba ta wayar salula, ya naɗe tabarmarsa ya bar birnin Abidjan na ƙasar Kwaddibuwa, bayan ya shafe kusan shekara shida yana neman gindin zama. Mun san wannan labari bai hana kowa barci ba a Jibiya ko Ɗan Isa, balle Illela da Birnin Ƙonni, tunda mafi yawanmu ba mu taɓa shiga motar wannan kamfani ba, kuma ɗan kabu-kabun da ke bakin rumfa ya ishe mu zirga-zirgar yini. Duk da haka, mu a wannan jarida muna ganin akwai abin dubawa a cikin al'amarin, musamman ga mutanen da sana'arsu ita ce kai haja inda ba garinsu ba. Tambayar ita ce: yaya aka yi kamfanin da ya tara jari na biliyoyin dalar Amurka, ya ɗauki ƙwararrun masana kwamfuta, yake shan kaye a hannun 'yan gida a ƙasa bayan ƙasa?

Ga wanda bai san yadda harkar take ba, ga ta a taƙaice. Kamfanin da kansa ba shi ne mai motocin ba, kuma direbobin ba ma'aikatansa ba ne da yake biya albashi. Abin da ya mallaka shi ne manhaja da ake sa wa a waya. Fasinja ya danna ya nuna inda yake da inda za shi, manhajar ta nemo direban da ya fi kusa, ta yanke kuɗin mota, sannan kamfani ya cire la'adarsa, wadda a wurare da yawa takan kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Wato dai aikin ɗan kamasho ne na tasha, sai dai an ɗora shi a kan intanet. An kafa Uber a birnin San Francisco a 2009, kuma cikin 'yan shekaru ya bazu ƙasashe da dama. Ya shigo Afirka ta Johannesburg a 2013, ya iso Legas a 2014, Nairobi a 2015, sannan Accra a 2016. A lokacin, masu zuba jari da yawa sun ɗauka cewa duk wanda ya fi kuɗi shi zai cinye duniya baki ɗaya.

Ƙasar Sin ce ta fara ƙaryata wannan zato. A can Uber ya gamu da kamfanin gida mai suna Didi, wanda Cheng Wei ya kafa a 2012, kuma a watan Fabrairu na 2015 ya haɗe da babban abokin gogayyarsa na cikin gida suka zama abu guda, da goyon bayan manyan kamfanonin ƙasar, Tencent da Alibaba. Aka shiga yaƙin karya farashi, kowa yana biya wa fasinja wani ɓangare na kuɗin mota, yana kuma ba direbobi tukuici don su zauna da shi. A watan Fabrairu na 2016, shugaban Uber na lokacin, Travis Kalanick, ya faɗa da bakinsa cewa suna asarar fiye da dalar Amurka biliyan 1 a kowace shekara a Sin. A lura, dalar Amurka muke nufi, ba dalar kasuwarmu ta tamma biyar ba. Kafin watan Agusta na wannan shekara ya yi nisa, Uber ya sallama harkarsa ta Sin ga Didi, ya karɓi hannun jari na kusan kashi 18 cikin 100 ya kama gabansa.

Daga nan abin ya zama kamar jerin gwano. A watan Yuli na 2017 ya amince ya haɗa harkarsa ta Rasha da wasu maƙwabtanta biyar da ta kamfanin Yandex, inda ya koma ƙaramin abokin tarayya mai kashi 36.6 cikin 100, kuma a 2023 ya sayar da abin da ya rage masa. A watan Maris na 2018 ya miƙa harkarsa ta ƙasashe takwas na kudu maso gabashin Asiya ga kamfanin Grab, wanda Anthony Tan da Tan Hooi Ling suka fara a Malesiya a 2012, ya karɓi kashi 27.5 cikin 100. A Gabas ta Tsakiya kuwa, da ya ga ba zai iya ture kamfanin Careem na Dubai ba, sai ya zaro dalar Amurka biliyan 3.1 ya saye shi, cinikin da aka bayyana a watan Maris na 2019. Ko kuɗin nan kaɗai ya isa shaida cewa ɗan gida ya riƙe wani abu da baƙon bai iya samarwa da kansa ba.

A ganinmu, dalili na farko kuma mafi girma shi ne, wannan sana'a ta gari-gari ce, ko da kamfanin na duniya ne. Fasinjan da ke tsaye cikin rana a Jakarta ba ruwansa da yawan direbobin da kamfani yake da su a New York ko Landan. Abin da ya dame shi shi ne motar da za ta iso ƙofar gidansa cikin minti biyar. Haka shi ma direba, inda fasinjojin unguwarsa suka fi yawa nan zai koma. Ashe ke nan duk garin da kamfani ya shiga, dole ya fara daga tushe, ya tara direbobi da fasinjoji kamar bai taɓa yin sana'ar ba. Wannan abu ne da ɗan kasuwa ya sani sarai. Cikar kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba ta ƙara wa mai rumfa a Gaya ko sisi. Kowace kasuwa da mutanenta take ci. Bugu da ƙari, babu abin da ya ɗaure direba ko fasinja da kamfani guda. Direba kan sa manhaja biyu ko uku a wayarsa, wanda ya fi ba shi tukuici yau shi zai yi wa aiki, gobe kuma ya juya. Saboda haka kuɗin da baƙo ya zuba don sayen zukatan mutane kamar zuba ruwa ne a kwando: ranar da rangwame ya tsaya, ranar jama'a ke watsewa. A Sin har an samu direbobin da suka riƙa ƙirƙirar tafiye-tafiyen ƙarya don kawai su kwashi tukuicin.

Dalili na biyu shi ne yadda ake biyan kuɗi. An gina Uber ne a ƙasar da kusan kowane baligi yake da katin banki, don haka tun farko manhajarsa ba ta san tsabar kuɗi ba. Sai a watan Mayu na 2015, shekara shida bayan kafa shi, ya fara gwada karɓar kuɗi hannu da hannu a birnin Hyderabad na Indiya. Shi kuwa Grab tun ranar da ya buɗe yake karɓar tsaba, domin masu shi sun san cewa miliyoyin mutanen yankinsu ba su da asusun banki, balle kati. A Sin ma, jama'a da manhajojin Alipay da WeChat suke biyan kuɗi, kuma masu waɗannan manhajoji su ne suka tsaya wa Didi. Wanda ya ƙi karɓar kuɗin da ke aljihun mai saye, shi ya kori cinikinsa da hannunsa. Mu da ke kan iyaka, inda mai shago kan karɓi naira da safe ya karɓi sefa da yamma, kuma ya san canjin ranar kafin ya buɗe rumfa, ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Na uku, abin hawan da kansa. Baƙon ya zo da tunanin mota mai ƙafa huɗu da na'urar sanyaya ɗaki, irin wadda ta dace da titunan Amurka. Amma a Jakarta, inda cunkoson motoci kan cinye wa mutum sa'o'i, babur ne sarki. Nadiem Makarim ya fara Gojek a 2010 da 'yan acaɓa kusan 20 da ɗakin amsa waya, mutum ya buga a turo masa babur. Sai a farkon 2015 ya fito da manhaja, kuma nan da nan ya ƙara da kai abinci, kai saƙo da biyan kuɗi, ta yadda ɗan acaɓa ba ya zaman banza tsakanin fasinja da fasinja. Grab ya sa babura a Biyetnam tun ƙarshen 2014. Uber bai kawo nasa baburan yankin ba sai 2016, lokacin da 'yan gida sun riga sun kwashe matuƙa. Masu iya magana sun ce wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi.

Na huɗu, sanin hanya da sanin mutane. Manhajar baƙo ta dogara ne da taswirar intanet da lambar gida da sunan titi. To a Sin an toshe taswirar Google, dole Uber ya jingina da ta kamfanin Baidu. A Rasha, Yandex da taswirarsa ta kansa ya shigo fage, wadda direbobi suka riga suka saba da ita. A biranen Larabawa da Pakistan, inda kwatance ya fi adireshi aiki, Careem ya zauna ya tattara sunayen wurare da kansa, ya buɗe layin waya ga wanda ba ya son manhaja, ya ba da damar a yi odar mota tun kwana guda kafin tafiya. Ya kuma raɗa wa direbobinsa suna kyaftin, domin ya lura cewa a wasu wuraren ana raina aikin tuƙi, kuma mutum ba ya sakin jiki da sana'ar da ake kunyata shi a kanta. A Saudiyya, inda mata ba su samu izinin tuƙi ba sai watan Yuni na 2018, mata ne suka fi yawa cikin fasinjoji, kuma wanda ya san abin da zai kwantar wa magidanci hankali shi ya samu cinikin. A Habasha ma, kamfanin Ride da Samrawit Fikru ta assasa ya fara ne da saƙon waya a 2014, daga baya ya ƙara da layin kira, saboda ya san ba kowa ke da babbar waya ko intanet ba. Duk wanda ya taɓa yi wa baƙo kwatance da “bayan masallacin Juma'a, kusa da mai tsire” ya san cewa akwai ilmin da ba ya cikin taswira.

Na biyar, hukuma. Sufuri sana'a ce da kowace gwamnati ke sa wa ido, domin akwai lasisi, haraji, inshora da ƙungiyoyin direbobi masu ƙarfin faɗa a ji. A shekarunsa na farko, salon Uber shi ne ya shiga gari ya fara aiki, maganar izini ta biyo baya. Wannan salo ya yi masa rana a wasu biranen Amurka, amma a waje ya jawo masa baƙin jini. Ya dakatar da aiki a Maroko a watan Fabrairu na 2018 saboda rashin dokar da ta amince da irin harkarsa. A Tanzaniya, da hukumar sufuri ta ƙayyade la'ada a kashi 15 cikin 100, ya janye a watan Afrilu na 2022, bai dawo ba sai farkon 2023 bayan an sassauta. A Kenya kuwa, dokar 2022 ta tsayar da la'ada a kashi 18, kuma dole ya sauko daga 25. Ɗan gida ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, ya san shugaban ƙungiyar da ya kamata a fara gaisarwa, kuma idan ya yi magana ana jin sa a matsayin ɗan ƙasa.

Dalili na ƙarshe shi ne na zuciya. Ga kamfanin duniya, kowace ƙasa layi ɗaya ce a cikin littafin lissafi. Idan asara ta yi yawa, sai a soke layin a mai da hankali inda ake samu. Ga ɗan gida kuwa, kasuwar nan ita ce rayuwarsa, ba shi da wata. Manajan baƙo sai ya jira amincewar hedikwata a wata nahiya kafin ya sauya ƙaramin abu, alhali ɗan gida da safe yake ganin matsala, da yamma ya gyara. Haka kuma, masu kuɗin da ke bayan fage sun gaji da ƙona dukiya. Kamfanin SoftBank na Japan, wanda ya zuba jari a Didi da Grab da Ola na Indiya, ya zama babban mai hannun jari a Uber a farkon 2018, kuma babu mai hankalin da zai so ya ci gaba da ciyar da raguna biyu suna karo da juna da kuɗinsa. Wata biyu bayan haka aka yi cinikin Grab.

To amma gaskiya ɗaya ce, kuma wajibi ne mu faɗe ta duka. Kada mai karatu ya tashi da tunanin cewa ɗan gida kullum shi ke nasara. Uber bai mutu ba. Yana da ƙarfi a Amurka, Birazil, Indiya da wurare da yawa, kuma a 2023, shekara 14 bayan kafa shi, ya fara cin ribar shekara daga ainihin aikinsa. Ko a inda ya fita, bai fita hannu rabbana ba, da hannun jari mai tsoka ya tafi. Abu na biyu, su kansu zakarun gida, da suka ƙetare iyaka sai suka ɗanɗana kuɗar da suka ɗanɗana wa wani. Didi ya shiga Afirka ta Kudu a 2021, ya fice a watan Afrilu na 2022. Ola ya bar Ingila, Ostireliya da New Zealand a 2024. Gojek ya rufe harkarsa ta Biyetnam a watan Satumba na 2024. SafeBoda na Yuganda ya zo Ibadan a 2020, ya tattara a ƙarshen 2022. Wannan ya nuna cewa asirin ba ya cikin launin fata ko tutar ƙasa, yana cikin sanin wuri. Shi ya sa da Didi ya so shiga Birazil a 2018, bai tsaya kame-kame ba, sai ya sayi kamfanin gida mai suna 99.

Abu na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne a Afirka ta Yamma ba 'yan gida ne suka fi matsa wa Uber lamba ba, wasu baƙin ne da suka fi shi saurin koyo. Bolt daga Estoniya yake, Yango ya samo asali daga Yandex na Rasha, kuma tun 2018 yake Abidjan. Shi kuwa inDrive, a garin Yakutsk na Saberiya ya tsiro, lokacin wani matsanancin sanyi da direbobin tasi suka ninka kuɗi, matasa suka haɗu a intanet suna faɗin abin da za su iya biya. Da wannan dabara ya shigo Najeriya a 2019: fasinja ya taya, direba ya ce albarka ko ya sallama. Wato ciniki, abin da muka gada kaka da kakanni, shi wani ya ɗauka ya zuba a waya yana karɓar la'ada a kai. Idan wannan bai sa mu tunani ba, ba mu san abin da zai sa mu ba. Sannan kada a manta, zama ɗan gida ba ya kare mutum daga hukuma: da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin a watan Fabrairu na 2020, kamfanonin da aka kafa a Najeriya irin su Gokada da MAX na cikin waɗanda suka fi jin jiki, dole suka karkata ga kai saƙo da wasu harkoki.

Akwai kuma darasi ga fasinja. Arahar da ake gani lokacin da manya ke faɗa ba ta ɗorewa, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Bayan Grab ya haɗiye harkar Uber, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Singafo ta gano cewa kuɗin da fasinja ke biya ya tashi da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma a watan Satumba na 2018 ta ci kamfanonin biyu tarar dalar Singafo miliyan 13. Ɗan gida ma idan ya rage shi kaɗai a fili, ba lalle ne ya ji tausayin ɗan'uwansa ba. Direbobi su ma sun gani a Najeriya: da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, direban ne ya ɗauki nauyin tun da shi ke sayen mai da gyaran mota, har ta kai su ga yajin aiki a watan Yuni suna neman a ƙara kuɗin mota a rage la'ada.

Yanzu bari mu dawo gida. Abin da waɗannan manyan kamfanoni suka kashe biliyoyi kafin su gane, kakanninmu sun daɗe da saninsa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa shiga Salaga da ka ba. Sukan sauka wurin mai gida, ya ba su masauki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan an yi ciniki bashi. Haka da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, kamfanonin Turawa da duk jarinsu ba su iya shiga ƙauyuka sayen gyaɗa da kansu ba, sai da suka bi ta hannun 'yan kasuwar gida irin su Alhassan Ɗantata, wanda shi kansa a fataucin goro ya goge. Alhazan Maraɗi ma ta wannan hanya da yawansu suka tashi. Har gobe, wanda ya ɗauki albasa daga Galmi zuwa Accra, ko shanu daga Maigatari zuwa kudu, ya san cewa in babu amintaccen mutum a can, jarinsa na cikin haɗari.

Tashoshinmu ma haka suke. Akwai layin lodi da kowa ya sani, akwai ɗan kamasho da ya san direban da ba ya wasa da amana, akwai direban da za a ba shi kaya ko kuɗi a Katsina ba tare da takarda ba, ya kai su Maraɗi cif. Ɗan kabu-kabu ya san rumfar kowa, ya san lokacin tashin kasuwa, yana iya ɗaga wa mai shago ƙafa har ranar kasuwa ta zagayo. Wannan amana da wannan sani jari ne, ko da ba a rubuta su a littafin banki ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai ɓaraka. Mota ba ta tashi sai ta cika, ko da fasinja zai yini a tasha. Lodi ya wuce kima har ana asarar rayuka. Da salla ta ƙarato sai kuɗin mota ya ninka ba dalili. Kaya su ɓace, babu rasit, babu wanda za a kama. Ta irin waɗannan kafofi ne baƙo ke shigowa, domin a biranen da kamfanonin nan suka samu karɓuwa, gajiyar da jama'a suka yi da halin wasu direbobin tasi ce ta buɗe musu ƙofa. Idan bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Kuma wayar zamani tana ƙara araha, kamfanoni irin su Gozem da aka fara a Lome a 2018 sun riga sun sa babura a manhaja a Togo, Benin da Kamaru. Wanda ya ce abin ba zai iso mu ba yana yaudarar kansa ne.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kabu-kabu da su gyara gidansu tun kafin a zo a gyara musu. A yi rajistar kowane matuƙi da lambarsa, a kafa farashin da kowa ya sani a manna shi a tasha, a riƙa ba da rasit na kaya, a kuma samar da lambar waya guda da ɗan kasuwa zai kira a turo masa abin hawa ko ya kai ƙara. Wannan ba ya buƙatar biliyoyi. Mun ga da ɗakin amsa waya da babura 20 Gojek ya fara.

Muna kira ga attajiranmu da su dubi yaranmu da suka karanta ilmin kwamfuta a jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram, Kano, Sakkwato da sauransu. Da yawansu suna da basira, jari ne babu. Manhajar da za ta yi aiki a nan ita ce wadda ke jin Hausa, take karɓar saƙon murya saboda wanda bai yi boko ba, take aiki ko da intanet ya yi rauni, ta san naira ta san sefa, kuma ta fi damuwa da buhu da kwali fiye da mai jaka ɗaya a hannu, tunda jigilar kaya ita ce ƙashin bayan kasuwannin iyaka. Babu injiniyan da ke zaune a wata nahiya da zai fi ɗanmu sanin waɗannan abubuwa.

Ga hukumomi kuwa, roƙonmu shi ne a yi doka bayyananniya wadda ta hau kan kowa, baƙo da ɗan gida. Kada a rufe ƙofa ga mai kawo jari, domin gasa ce ke sa kowa ya gyara, amma kada a bari wani ya karya farashi da gangan har ƙananan su mutu sannan ya tsawwala. A sa ido kan la'adar da ake cire wa direba, kuma duk lokacin da za a hana wata sana'a ko a sauya mata tsari, a zauna da masu ita tukuna, a ba su wa'adi. Shingayen da suka yi yawa a hanyoyinmu su ma a rage su, domin kowane tsayawa kuɗi ne da ke komawa kan mai saye.

Daga ƙarshe, ga ɗan'uwa ɗan kasuwa da ke shirin buɗe harka a wata ƙasa, ko Kwatano ce, ko Njamena, ko Kumasi: kada nasarar da ka samu a gida ta ruɗe ka. Abin da ya karɓu a kasuwarku ba dole ne ya karɓu a can ba. Ka fara da kaɗan, ka tambayi yadda suke biya da yadda suke auna kaya, ka san dokarsu, ka girmama shugabannin kasuwarsu, ka nemi amintaccen ɗan wurin ka ba shi haƙƙinsa cikakke. Kamfanonin da suka fi mu kuɗi nesa ba kusa ba sun raina wannan shawara, sun kuwa biya da tsada. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare matafiyanmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.